Matse Bidiyo: Bambancin H.264, H.265, AV1 da ProRes, da Aikin da Ya Dace da Kowane

Sana'o'i uku ne ke cin abinci da bidiyo a kewayen kasuwar Wunti da ke birnin Bauchi, kamar yadda lamarin yake a sauran manyan biranen Arewa: masu ɗaukar hoton biki da taro, masu tace abin da aka ɗauka a kwamfuta, da masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi cikin wayoyin jama'a. Da yawa daga kyamarori da wayoyin da ke hannunsu a yau suna iya ɗaukar hoto mai matuƙar tsabta, wanda ake kira 4K. Sai dai ba duk tsabtar da kyamara ta kama ce ke isa idon mai kallo ba. A tsakani akwai mataki guda da ke yanke hukunci, wato lokacin da mai tacewa ya kammala aiki, manhaja ta tambaye shi da wane tsarin matsi zai fitar da bidiyon.

Kuskure a wannan mataki yana da tsada. Bidiyon ɗaurin aure na iya ƙin buɗewa a talabijin ɗin gidan amarya. Rahoton wakili na iya kwana a hanya bai isa ɗakin labarai ba saboda nauyi. Hoton hawan Sallah na iya farfashewa ya koma 'yan murabba'ai a daidai lokacin da dawaki suka zaburo. Mafi muni shi ne a goge ainihin abin da kyamara ta ɗauka, a wayi gari babu abin da ya rage sai kwafin da ya bi ta WhatsApp. Wannan bayani ya tattaro yadda manyan tsare-tsaren matse bidiyo suke aiki, da inda suka bambanta, da wurin da kowane ya fi dacewa.

Dalilin matse bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. A Najeriya talabijin na tafiya ne a kan falle 25 na hoto a sakan guda. Kowane falle kuma an gina shi da ƙananan ɗigogi masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, jimilla ɗigo 8,294,400. Idan aka ba kowane ɗigo bait uku don ja da kore da shuɗi, falle ɗaya zai kai kusan megabait 25. Sakan guda zai ci megabait 622, minti guda gigabait 37, sa'a guda kuwa ta haura terabait biyu.

Ko hoton 1080, mai ɗigo 1920 da 1080, wanda shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na 4K, zai ci kusan gigabait 560 a sa'a idan ba a matse shi ba. Babu memorin waya ko layin intanet da zai ɗauki wannan kaya. Shi ya sa kusan duk bidiyon da ke yawo a duniya matsattse ne, tun daga cikin kyamarar da ta ɗauke shi. Tsarin lissafin da ke matse bidiyo, ya kuma warware shi a lokacin kallo, shi ake kira kodek.

Yadda matsin yake aiki

Dabaru uku ne ginshiƙin aikin. Ta farko ita ce rage bayanin launi. Idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi, don haka akan bar wa kowane ɗigo haskensa, a haɗa ɗigo huɗu a kan launi ɗaya. Wannan shi ake rubutawa da 4:2:0, kuma shi kaɗai yana zubar da rabin nauyin. Tsarin 4:2:2 yana riƙe ninki biyu na wannan launi, shi ya sa ƙwararru suka fi son sa a wurin aiki.

Ta biyu ita ce matsewa a cikin falle guda. Ana yanka hoton gida-gida, a yi wa kowane gida lissafin da ke ware manyan siffofi daga ƙananan zane-zane, sannan a watsar da abin da ido ba zai yi saurin lura da rashinsa ba. Tushen wannan lissafi, wanda ake kira DCT a taƙaice, aikin Nasir Ahmed ne da abokan bincikensa T. Natarajan da K. R. Rao, wanda aka wallafa a 1974, kuma har yau a kansa manyan kodek suke tsaye.

Ta uku, wadda ta fi kowace rage nauyi, ita ce lura da cewa falle biyu da ke maƙwabtaka kusan abu ɗaya ne. Idan malami yana zaune yana tafsiri, bango da kujera da lasifika ba sa motsi. Leɓe da hannu ne kawai ke sauyawa. Sai kodek ya ajiye cikakken falle ɗaya, a waɗanda ke biye kuma ya rubuta abin da ya canza kaɗai. Wannan ne ya sa awa guda ta tafsiri ke fita tsaf da ɗan ƙaramin nauyi, alhali minti biyar na jafi a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, inda ƙura da dawaki da alkyabbu da dubban fuskoki ke motsi lokaci guda, ke buƙatar ninkin-ba-ninkin wannan nauyi kafin ya yi kyau. Haka ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari, ko ganyen da iska ke kaɗawa, ko hasken fitilu masu walƙiya a zauren biki.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, abin da matsi ya watsar ya tafi ke nan. Misalinsa misalin kauɗar tumatir: tana da sauƙin ɗauka, tana kuma yin miya, amma ko an jiƙa ta ba za ta koma ɗanye ba. Duk lokacin da aka sake matse bidiyon da aka riga aka matse, sai an ƙara yin wata asarar a kan ta baya.

Mazubi daban, kodek daban

Mutane da yawa kan ce "a fitar mini da shi a MP4", suna zaton sun zaɓi tsarin matsi. MP4 mazubi ne kawai, kamar buhu, wanda ba ya faɗin ko gero ne a ciki ko dawa. Haka MOV na kamfanin Apple, da MKV, da WebM, da MXF na gidajen talabijin. Mazubi yana haɗa hoto da sauti da fassarar da ke ƙasan allo wuri guda. Kodek kuwa shi ne abin da aka matse hoton da shi. Fayil biyu na iya ɗaukar sunan MP4, ɗaya yana ɗauke da H.264 yana buɗewa a ko'ina, ɗayan yana ɗauke da H.265 yana ƙin buɗewa a tsohuwar waya. Canza wutsiyar sunan fayil ba ya canza abin da ke ciki. Manhajoji na kyauta irin su VLC da MediaInfo suna nuna ainihin kodek ɗin da ke cikin kowane fayil.

Daga kaset zuwa waya

Kasuwar fim ɗin Hausa ta bi ta kusan kowane zango na wannan fasaha. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, a kaset ɗin bidiyo ya fito. Daga baya faifan VCD ya mamaye Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni. VCD yana amfani da tsarin MPEG-1 na 1993, hotonsa ɗigo 352 ne da 288, faifai ɗaya kuma yana ɗaukar abin da bai wuce minti 74 zuwa 80 ba. Hoton 4K ya ninka shi fiye da sau 80 a yawan ɗigo. Sai DVD ya biyo baya da MPEG-2, mai ɗigo 720 da 576, a faifai mai gigabait 4.7.

Da wayoyi masu memori suka yawaita, faifai ya ja baya, masu turi suka karɓi kasuwar. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka tara masu kallo a YouTube daga 2020. Wannan sauyi ya sa aiki ɗaya yanzu yana da ƙofofin fita da yawa: talabijin, YouTube, WhatsApp, TikTok, da memorin waya. Kowace ƙofa kuma da girmanta.

H.264: wanda kowa ya sani

An kammala H.264, wanda kuma ake kira AVC, a 2003, ta haɗin gwiwar ƙwararrun Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, da na kwamitin MPEG. Yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 da 16. Shi ne ya ɗauki faifan Blu-ray da YouTube da kiran bidiyo a waya tsawon shekaru, kuma shi Najeriya ta ɗauka a shirin komawa talabijin na dijital da aka ƙaddamar a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016.

Ƙarfinsa a yau ba a ƙwarewar matsi yake ba, domin waɗanda suka biyo bayansa sun fi shi. Ƙarfinsa shi ne kusan babu wayar zamani, ko talabijin mai ramin filashi, ko kwamfuta, da ba ta da wani sashe na musamman a ƙwaƙwalwarta da aka ƙera don warware shi. Saboda haka yana buɗewa ba gardama, ba ya cin batir sosai, kuma fitar da shi ba ya ɗaukar dogon lokaci ko a tsohuwar kwamfuta. Rauninsa yana bayyana ne a 4K, inda yake buƙatar nauyi mai yawa, da kuma a hoton sararin sama ko bango mai launi ɗaya, inda akan ga launin ya rarrabu layi-layi.

H.265: rabin nauyi, da sharaɗi

H.265, ko HEVC, ya fito a 2013, kuma burin waɗanda suka tsara shi shi ne ya ba da kyawun H.264 da rabin nauyinsa. Gidajen da yake yanka hoto suna kaiwa ɗigo 64 da 64, don haka fili mai faɗi kamar sararin sama ko farar riga ba ya cin wuri. A aikace ragin yakan bambanta da irin hoton: ya fi fitowa fili a 4K, yana kuma raguwa a ƙananan hotuna. Wayoyin iPhone sun koma ɗauka da shi tun 2017, haka kuma yawancin sababbin kyamarori da ƙananan jiragen ɗaukar hoto daga sama.

Sharaɗinsa biyu ne. Na farko, yana buƙatar na'ura mai ƙarfi. Ƙwaƙwalwar Intel ta fara warware shi kai tsaye ne daga ƙarni na shida da ya fito a 2015, don haka kwamfutocin da suka girmi wannan, waɗanda suka yawaita a kasuwar kayan gwanjo, sukan riƙa sarƙewa idan aka ɗora musu shi. Tsofaffin wayoyi da talabijin kuma wasu sukan ba da sauti babu hoto. Na biyu, haƙƙin mallakar fasaharsa ya rarrabu a hannun ƙungiyoyi fiye da ɗaya, kowace da kuɗin lasisinta, lamarin da ya sa kamfanoni da dama suka yi jinkirin karɓarsa. Har yanzu akwai kwamfutocin Windows da sai an sauke wani ƙari daga shagon Microsoft kafin manhajarsu ta asali ta buɗe shi.

VP9 da AV1: zaɓin manyan kamfanonin intanet

Tsadar lasisi ce ta sa Google ya fitar da VP9 a 2013 ba tare da neman kuɗi ba, ya kuma ɗora bidiyon 4K na YouTube a kansa. A 2015 Google da Amazon da Netflix da Microsoft da Intel da Cisco da Mozilla suka kafa ƙawancen Alliance for Open Media, wanda ya fitar da AV1 a 2018. Gidajensa suna kaiwa ɗigo 128 da 128, ƙawancen kuma ya ce yana rage kusan kashi 30 cikin 100 a kan tsare-tsaren da suka gabace shi. Netflix ya fara aika shi zuwa wayoyin Android a 2020.

Ga mai tacewa a Bauchi ko Kano ko Maradi, matsalar AV1 ita ce lokaci da kayan aiki. Fitar da shi da ƙwaƙwalwar kwamfuta zalla yana da nawa ƙwarai, kuma katunan hoto masu matse shi kai tsaye, irin su Intel Arc da jerin RTX 40 na Nvidia, sai a 2022 suka fito. A ɓangaren Apple, iPhone 15 Pro na 2023 ne ya fara zuwa da sashen warware shi. Wayar da ba ta da wannan sashe tana iya buɗe shi da manhaja, amma takan ɗauki zafi, batir kuma ya zube. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, aikin da zai kwana yana fita a kan janareta lissafinsa na man fetur ne. Akwai kuma H.266, ko VVC, da aka kammala a 2020, sai dai na'urorin da ke buɗe shi ba su yawaita ba tukuna.

ProRes da DNx: na ɗakin aiki

Duk waɗanda aka ambata a sama na rabawa ne, an yi su ne don isar da bidiyo ga mai kallo. Akwai wani rukuni na daban da aka yi don aikin tacewa da ajiya. Fitattunsu su ne ProRes, wanda Apple ya fitar a 2007, da DNxHD na kamfanin Avid na 2004, da ƙanensa DNxHR na 2014 wanda ke ɗaukar 4K. Waɗannan ba sa dogara da falle na gaba ko na baya; kowane falle cikakke ne da kansa. Saboda haka kwamfuta ba ta wahala wajen tsalle daga wuri zuwa wuri, launi yana jure gyara, kuma ana iya sake fitarwa sau da dama ba tare da asarar da ido zai gani ba.

Kuɗin wannan sauƙi nauyi ne. Bisa alƙaluman Apple, ProRes 422 HQ a hoton 1080 mai falle 25 yana cin kimanin gigabait 83 a sa'a, a 4K kuma kimanin 332. Ba abin aikawa ta intanet ba ne, ba kuma abin sa wa mai biki a filashi ba ne, domin yawancin talabijin da wayoyi ba sa buɗe shi. Wurinsa rumbun ajiya ne, ko hannun wani ƙwararre da zai ci gaba da aikin.

Lissafin nauyi

Sunan kodek ba shi kaɗai ke yanke nauyin fayil ba. Abin da ke yankewa shi ne kwararar bayanai, wato yawan megabit da aka ware wa kowane sakan. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka adadin megabit da 7.5 a sami megabait na minti guda, ko da 450 a sami na sa'a guda.

- Megabit 5, wanda YouTube ya ba da shawara ga hoton 720: gigabait 2.25 a sa'a.
- Megabit 8, shawararsa ga hoton 1080: gigabait 3.6 a sa'a.
- Megabit 35 zuwa 45, shawararsa ga 4K: kimanin gigabait 16 zuwa 20 a sa'a.
- Megabit 184, ProRes 422 HQ a 1080: gigabait 83 a sa'a.
- Megabit 737, ProRes 422 HQ a 4K: gigabait 332 a sa'a.

Wannan lissafi yana kuma nuna tsawon lokacin ɗorawa. Idan layin intanet yana tura megabit 5 a sakan, shirin sa'a guda mai megabit 8 zai hau cikin minti 96, mai megabit 40 kuwa sai ya kwashe sa'a takwas, in layin bai yanke ba. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowane gigabait ya ƙara daraja a aljihun mai ɗorawa da mai kallo.

Maimakon ƙayyade megabit, manhajoji irin su HandBrake da FFmpeg suna ba da damar ƙayyade inganci, a bar kodek ya kashe nauyi inda hoto ya buƙata, ya yi tsimi inda babu motsi. Ma'aunin H.264 yana tafiya daga 0 zuwa 51, ƙaramar lamba ita ce mafi kyau da nauyi, kuma yawancin masu aiki sukan tsaya tsakanin 18 da 23. Wannan hanya ta fi dacewa da bidiyon da ke gauraya zama da motsi, kamar biki da ke da walima da kamu da rawa.

Wasu saituna masu tasiri

Yawan falle: wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, shi ya sa falle 25 ko 50 ya dace da ita. Wayoyi da dama suna zuwa ne a kan falle 30, kuma a ƙarƙashin wasu fitilu hoton yakan riƙa ƙyaftawa. A kowane hali, a fitar da bidiyo a kan adadin da aka ɗauke shi, domin juya 30 zuwa 25 yana sa motsi ya riƙa tsalle.

Falle marar tsayayyen adadi: waya takan rage ko ƙara yawan falle da kanta gwargwadon haske. A dogon karatu ko wa'azi, wannan yakan sa murya ta riga leɓe ko ta makara. Maganinsa shi ne a juya fayil ɗin zuwa tsayayyen adadi kafin a fara tacewa.

Zurfin launi: bit 8 yana ba kowane launi mataki 256, bit 10 yana ba shi 1,024. Bambancin yana fitowa a sararin samaniyar hunturu, inda hazo ke sauya launi a hankali, da kuma a fuskar mai duhun fata cikin zaure mai ƙarancin haske. Ga uwar kwafi bit 10 ya fi. Ga kwafin rabawa na H.264 a tsaya a bit 8 da 4:2:0, domin shi na'urori suka sani.

Hoton HDR: daga iPhone 12 na 2020 wayoyin Apple suna ɗaukar hoto mai faɗaɗɗen haske. Idan aka haɗa shi da na sauran kyamarori ba tare da an daidaita launi ba, yakan fito fari fat ko a koɗe.

Sauti: AAC a kan kilohaz 48 shi ne abokin tafiyar MP4. Sauti ba ya cin wuri idan aka kwatanta da hoto, don haka babu hikima a yi masa rowa, musamman a karatu da waƙa.

Filashi: wanda aka tsara a kan FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, ko da akwai fili a cikinsa. Tsarin exFAT ya kawar da wannan iyaka, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta shi.

Wane tsari ga wane aiki

Ga mai biki da iyalinsa, H.264 cikin MP4, hoton 1080, shi ne mafi aminci, domin babu wanda ya san a wace na'ura za a kalla. Idan akwai ɗinkin shadda da zanen lalle da ake son su fito, a ƙara megabit maimakon a ƙara girman hoto. 1080 mai wadatar nauyi ya fi 4K da aka matse wa wuya.

Ga YouTube da Facebook, a tuna cewa duk abin da aka ɗora sai sun sake matse shi da kansu, YouTube ma yakan juya shi zuwa H.264 da VP9 ko AV1 gwargwadon na'urar mai kallo. Don haka a ba su kwafi mafi kyau da layi zai iya ɗauka. A nan H.265 yana da amfani, domin yana rage datar ɗorawa, kuma ba shi ne zai isa wayar mai kallo ba.

Ga WhatsApp, bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba ana matse shi sosai. Wanda aka tura a matsayin fayil yana isa yadda yake, kuma tun 2022 iyakarsa ta kai gigabait 2. Wannan ita ce hanyar da ta dace da wakilin da ke aika rahoto.

Ga masu turi, H.264 a hoton 480 ko 720 ya wadatar da allon waya, yana kuma buɗewa a ƙananan wayoyin da mafi yawan abokan ciniki ke riƙe da su.

Ga gidan talabijin, a nemi ƙa'idarsu a rubuce kafin a fitar. Tashoshi da dama a duniya har yanzu suna karɓar MPEG-2 mai megabit 50 cikin mazubin MXF, wasu kuma ProRes.

Ga tsohuwar kwamfuta da ke fama da 4K na H.265, a yi ƙananan kwafi na wucin gadi a ProRes Proxy ko DNx mara nauyi, a yi tacewar da su, sannan manhaja ta koma kan na asali a lokacin fitarwa. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna da wannan tsari.

A kowane hali, sai an gwada akan san na ƙwarai. A fitar da minti ɗaya daga wuri mafi motsi da wuri mafi duhu, a kalla a ƙaramar waya da talabijin, kafin a saki aikin sa'a uku.

Uwar kwafi

Duk kwafin da aka lissafa a sama ya kamata ya fito ne daga tushe guda, wato uwar kwafi: cikakken aikin da aka fitar a ProRes ko DNxHR, ko kuma, idan rumbu ya yi kaɗan, a H.265 mai bit 10 da wadataccen nauyi. Daga gare ta ake cire na YouTube, da na waya, da na talabijin, kowane kai tsaye, ba wani daga wani ba. A gefenta a ajiye ainihin fayilolin kyamara, domin su ne kaɗai abin da ba a iya sake samu.

Ƙa'idar da masu adana bayanai suka saba da ita ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da shago, saboda gobara da sata da lalacewar rumbu ba sa sallama. Yawancin fina-finan Hausa na zamanin VCD da ake gani a intanet a yau dishi-dishi suke, domin daga faifan kasuwa aka kwafo su, kuma babu manhajar da za ta mayar musu da abin da aka zubar tun farko. Kodek na rabawa zai ci gaba da sauyawa, kamar yadda MPEG-1 ya ba MPEG-2 wuri, shi kuma ya ba H.264. Wanda ya adana uwar kwafi zai iya sake fitar da aikinsa a kowane sabon tsari da ya zo. Wanda ya riƙe matsattsen kwafi kaɗai, iyakar abin da zai bar wa na baya ke nan.